Darasi Na Tara: Sana'ar Koyar da Yara Masu Buƙata ta Musamman, da Tarbiyyar Yaron da Aka Ce Ya Gagara

Muƙaddima

Duk wanda ya zauna a birni ko ƙauye na ƙasar Hausa, ya kuma lura da yadda yara suke sammakon makaranta, waɗansu da allo a hammata waɗansu da jaka a baya, ba zai rasa sanin wani gida a unguwarsu ba inda ake barin yaro guda a zaure ko a tsakar gida, ba don iyayensa ba su son ya yi karatu ba, sai don makaranta, yadda aka gina ta aka kuma tsara ta, ba ta da wurin da za ta sa shi. Wani makaho ne, wani kurma, wani gurgu, wani farfaɗiya ke damunsa, wani fahimtarsa ce take tafiya sannu a hankali. Akwai kuma wanda gaɓoɓinsa duka lafiya lau, amma an kai shi makaranta an koro, an sake kai shi an sake korowa, har magana ta zauna a bakin mutane cewa ɗan gidan wane ya gagara. Waɗannan su ake kira yara masu buƙata ta musamman, kuma koyar da su fanni ne mai zaman kansa, da ƙa'idojinsa, da makarantun horaswarsa, da takardun shaidarsa, da albashinsa, kamar dai aikin jinya ko aikin gona na zamani.

Manufar wannan darasi ita ce ɗalibi ya san asalin wannan fanni, ya fahimci yadda gwanayensa suke bi da yaro mai wuyar hali, sa'an nan ya san sana'o'in da ke cikinsa da ƙofar da ake shigarsu.

Asalin Al'amarin

Kada wani ya ɗauka cewa kula da ilimin nakasassu baƙon abu ne da ya zo mana daga ƙetare. Malaman tafsiri sun bayyana cewa farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan wani Sahabi makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, Allah Ya yarda da shi, sa'ad da ya zo neman ilimi. Shi ne kuwa ya zama ladani tare da Bilal, har Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan wakilta shi a kan Madina in zai fita. A zamanin Tabi'ai, Aɗa'u ɗan Abi Rabah, wanda yake gurgu ne kuma ya makance daga baya, shi ne mai ba da fatawa a Makka. A ƙasarmu ma makarantun allo sun daɗe suna yaye makafi mahaddata, sarakuna kuma sun naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu domin su zama bakin jama'arsu a fada. Sai dai bilhaƙƙi, mafi yawan nakasassunmu bara ce ta zama rabonsu, domin al'umma ta saba da ba su sadaka fiye da yadda ta saba da ba su karatu.

Abin da zamani ya ƙara shi ne dabaru da tsari. A birnin Faris na Faransa, wajen 1760, wani limamin Kirista ya buɗe makarantar da ake koyar da kurame da alamun hannu. A ƙasar kuma aka haifi Luwi Birel a 1809, ɗan wani baduku, wanda ya soki idonsa da basilla a rumfar ubansa yana ɗan shekara 3 har abin ya kai shi ga makanta, amma bai wuce shekara 15 ba sai da ya tsara rubutun makafi na ɗigo 6 masu tudu da ake karantawa da yatsa, ya wallafa shi a 1829, kuma da shi makafin duniya suke karatu har yau, har da Alƙur'ani mai girma.

A Nijeriya, masu wa'azin Kirista ne suka fara gina irin waɗannan makarantu. An buɗe makarantar makafi ta Gindiri a ƙasar Filato a 1953. Wani baƙar fatan Amurka, Andiru Fosta, wanda shi kansa kurma ne, ya kafa makarantar kurame a Ghana a 1957, ya kafa wata a Ibadan a 1960. A 1977 gwamnati ta sa ilimi na musamman cikin manufar ilimi ta ƙasa, a shekarar kuma aka kafa kwalejin horar da malaman wannan fanni a garin Oyo. Jihohi su ma suka gina nasu makarantu, irin ta Tudun Maliki a Kano. Daga baya ra'ayin masana ya karkata ga cewa, matuƙar zai yiwu, a bar yaro ya yi karatu tare da tsararrakinsa a makarantar unguwarsu, a kai masa taimakon can, kuma a kan haka ƙasashe 92 suka yi ittifaƙi a taron Salamanka na ƙasar Sifen a 1994. Dokar hana wariya ga nakasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba nakasasshe haƙƙin karatu kyauta har zuwa sakandare, ta kuma wajabta wa kowace makarantar gwamnati ta sami aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da su. Wanda ya tuna yawan makarantun firamare da ke ƙaramar hukumarsu kaɗai zai gane yawan ma'aikatan da wannan sharaɗi yake nema.

Sabubban Nakasa a Ƙasarmu

Ya kamata mai sha'awar wannan aiki ya san cewa da yawa daga lalurorin yara suna da sababi sananne. Sanƙarau, wanda yake yawaita a Arewa da bazara, yakan bar yaro da kurumta. Ƙyanda, in ta haɗu da ƙarancin abinci mai gina jiki, takan tafi da ido. Shan inna ya gurgunta yara masu yawa kafin a tabbatar da kawar da shi daga Nijeriya a 2020. Doguwar naƙuda, da shawara mai tsanani ga jariri, da zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, duk suna iya taɓa ƙwaƙwalwa. Gubar dalma, wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, takan raunana fahimtar waɗanda suka tsira ta kuma sauya halinsu. Akwai kuma lalurorin da ake haihuwar yaro da su, kamar wadda likitoci suke kira otizim, inda za a ga yaro ba ya son haɗa ido, maganarsa ta yi jinkiri, yana maimaita motsi guda, ƙara ko canjin abin da ya saba yana tayar masa da hankali. Da kuma lalurar da take hana yaro zama wuri ɗaya ko tattara hankali, wadda a gida ake ɗauka ƙiriniya ce zalla.

Yaron da Aka Ce Ya Gagara

A nan ne gwanintar malami take bayyana, domin makaho da kurma kowa yana ganin uzurinsu, amma yaron da yake duka, ko cizo, ko ihu, ko yaga littafi, ko ficewa daga aji, ko buga kansa da bango, babu mai yi masa uzuri. Wani ya ce taurin kai ne, wani ya ce kunnen ƙashi gare shi, wani ya ce iska ce ta taɓa shi, wani ya ce sammu ne. Ƙa'idar farko da ake koya wa ma'aikacin wannan fanni ita ce wadda Bahaushe ya riga ya sani, cewa ruwa ba ya tsami banza. Kowane hali da yaro ya nace a kansa yana da abin da ke tayar da shi, yana kuma da abin da yake samar masa, kuma sau da yawa yaron da harshensa ya kasa faɗin damuwarsa da hannu da ƙafa yake faɗinta.

Saboda haka malami yakan fara da jiki tukuna, ya bincika ko yaro yana ji sosai, ko yana ganin allo daga inda yake zaune, ko ya karya kumallo, ko yana samun barci, ko haƙori ko kunne na yi masa ciwo. Yakan zauna da mahaifiyar cikin ladabi ya ce, "Hajiya, yaya haihuwarsa ta kasance, ya yi kuka nan take kuwa? Yana da shekara nawa ya fara magana? Ya taɓa yin zazzaɓin da ya sa shi suma?" Yakan kuma tambaya ko an yi rasuwa, ko rabuwar aure, ko gudun hijira, domin yaron da ya ga tashin hankali da idonsa yakan zo da shi aji.

Bayan wannan sai ya ɗauki littafi ya riƙa rubuta abu uku duk sa'ad da halin ya auku: abin da ya faru dab da aukuwarsa, da ainihin abin da yaron ya aikata ba tare da ƙari ko zagi ba, da abin da ya biyo baya. Masana sun lura cewa, in aka bi diddigi, galibin irin waɗannan halaye ɗaya daga cikin abu huɗu suke nema: ko a kula da yaron ko da da tsawa ne, ko ya kuɓuta daga wani aiki ko wuri da ya yi masa nauyi, ko ya sami wani abin da yake so, ko kuwa motsin kansa ne yake kwantar masa da hankali.

Ga misali. A ce ga yaro ɗan shekara 9 a aji uku, wanda kullum sai ya mintsini na kusa da shi ko ya ture benci, malami ya kore shi waje, ya je gindin darbejiya ya zauna. Uban ya zo ya ce, "Malam, yaron nan ya fi ƙarfinmu, ka ba shi kashi, kada ka raga masa." Malamin da ya sami horo sai ya ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri na mako biyu in ga abin da ke damunsa." Da ya duba abin da ya rubuta, sai ya tarar ba a taɓa samun rikicin a darasin lissafi ko a filin wasa ba, sai fa lokacin da aka ce kowa ya fito da littafi za a yi karatu ɗaya bayan ɗaya. Ashe yaron bai iya karatu ba ne, yana kuwa gudun dariyar 'yan aji, ya gwammace a ce da shi fitinanne da a ce da shi daƙiƙi. Korar nan da ake yi masa da sunan horo ita ce ainihin abin da yake nema, kuma duk ranar da aka kore shi an ƙara koya masa cewa dabararsa tana ci.

Magani a nan kashi uku ne, kuma tare ake yin su. Na farko, a gyara abin da ke tayar da halin: a daina tsayar da shi karatu gaban jama'a, a keɓe masa 'yan mintoci kullum a koya masa baƙaƙe da haɗa su gwargwadon matsayinsa, a yanka masa aiki ƙanana-ƙanana yadda zai riƙa gamawa yana ganin nasara. Na biyu, a koya masa halastacciyar hanyar samun abin da yake nema, wato ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, a taimake ni," ko ya nuna wani ɗan kati a ba shi hutun minti biyu; yaron da ba ya magana kuwa a koya masa alamar hannu ko nuna hoto. Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka, domin wanda ya hana yaro mugun hali bai ba shi madadinsa ba, kamar wanda ya toshe rariyar gidansa ne da damina bai huda wata ba, ruwan zai nemi hanya ta gindin katanga. Na uku, a sauya sakamako: in ya bi sabuwar hanya a biya masa buƙata nan take, a yaba masa a kuma faɗi abin da aka yaba, in kuwa ya koma tsohuwar kada a kore shi, a jira ya natsu ya dawo kan ɗan aikin da aka ba shi.

Wajibi ne a gargaɗi iyaye da sauran malamai cewa a kwanakin farko halin yakan ƙaru kafin ya ragu, domin yaro zai ƙara ƙaimi ya ga ko tsohuwar dabara ta daina ci da gaske. In aka sare a wannan gaɓa, to, an koya masa cewa fitina mafi tsanani ita ce mai biya. Don haka ake rubuta tsarin a takarda, da manufofin da ake son yaron ya kai gare su da lokacin da za a sake dubawa, gida da makaranta su zama baki ɗaya.

Idan kuwa rikici ya riga ya ɓarke, yaro ya fita hayyacinsa, wannan ba lokacin wa'azi ba ne. Malami ya sassauta murya, ya taƙaita magana, ya janye sauran yara, ya kawar da abin da zai yi rauni, ya ba yaron fili kada ya ritsa shi a lungu, kada kuma ya riƙe shi sai in yana shirin ji wa kansa ko wani ciwo. Bayan ƙura ta lafa a yi magana, a rubuta abin da ya faru, a sanar da iyaye. Mai farfaɗiya kuwa, in ta tashi, a kwantar da shi ta gefe, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, a kuma sani cewa ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko taɓawa.

Mas'alar Bulala

Labudda wani zai ce da bulala aka yi mana tarbiyya, ga mu kuwa mun zama mutane. Amsa ita ce magabata da kansu sun yi taka tsantsan a nan. Ibnu Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya yi sharaɗi a littafinsa na ladubban malamai cewa kada malami ya yi duka cikin fushi, kada kuma ya wuce bulala uku sai da izinin uba. Ibnu Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya keɓe fasali guda yana bayyana cewa tsanantawa tana cutar da ɗalibi, tana kashe masa himma, tana koya masa ƙarya da yaudara don tsoron hannun da ke kansa. Ma'aikacin ilimi na musamman kuwa ba ya duka sam, domin duka yana tsayar da hali na ɗan lokaci ne, ba ya koyar da komai a madadinsa, balle ga yaron da bai ma fahimci laifin da ya yi ba. Mun kuma ga inda tsanantawa take kaiwa a Satumbar 2019, sa'ad da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu yara, daga wani gidan horon kangararru a Rigasa ta Kaduna, waɗansu da mari a ƙafa. Iyaye da yawa da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan gidaje ba don ƙiyayya suka kai su ba, sun rasa wanda za su kai wa kuka ne, kuma wannan giɓi shi ne ma'aikatan da muke magana a kansu za su cike.

Sana'o'in da Ke Cikin Fannin

Jigon aikin shi ne malamin ilimi na musamman, wanda yakan ƙware a ɓangare ɗaya: koyar da makafi da rubutun ɗigo da tafiya da farar sanda, ko koyar da kurame, ko masu jinkirin fahimta, ko masu wahalar karatu da rubutu, ko masu wuyar hali. Yana iya riƙe aji a makaranta ta musamman, yana kuma iya zama a makarantar kowa da kowa yana taimakon sauran malamai. A gefensa akwai mataimakin aji, mai zama kusa da yaro ɗaya ko biyu, yana maimaita musu umarni, yana taimakonsu wajen cin abinci da kewayawa, kuma makarantu masu zaman kansu a birane suna ɗaukar irinsu. Akwai tafintan kurame, wanda ake nema a makarantu da asibitoci da kotuna da gidajen talabijin, kuma yana da kyau ya iya maganar hannu ta kuramen Hausa tare da wadda ake koyarwa a makarantu, wadda ta samo asali daga ta Amurka.

Daga ɓangaren lafiya akwai mai gyaran magana, wanda yake taimakon mai i'ina da wanda maganarsa ta yi jinkiri. Da mai gwajin ji, wanda yake auna kunne ya daidaita na'urar ƙara ji. Da likitan gashin ƙashi. Da mai koyar da ayyukan yau da kullum irin su riƙe cokali da fensir da sa tufafi. Akwai masanin halayyar ɗan Adam mai gwada fahimtar yaro, da mai ba ɗalibai shawara, da jami'in jin daɗin jama'a mai ziyartar gidaje, da likitocin ƙwaƙwalwa a asibitoci irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da na Maiduguri.

Ƙofar Shiga

Wanda ya fara daga ajin yaƙi da jahilci kada ya ga abin da nisa. Matakin farko shi ne takardar kammala sakandare, daga nan a nemi gurbi ta hannun hukumar JAMB. Kwalejin ilimi tana ba da takardar NCE bayan shekara 3, ita ce kuwa mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya. Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Jos, da ta Ibadan suna da sassan ilimi na musamman masu ba da digiri. Bayan kammalawa sai a yi rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN. Kafin duk wannan, mai hikima yakan nemi izini ya riƙa zuwa wata makaranta ta musamman yana taimakawa, ko ya zauna da kuramen garinsu ya koyi maganar hannu, domin ya gwada kansa tun bai kashe kuɗi da shekaru ba. Nakasassu da iyayen nakasassu suna cikin waɗanda suka fi dacewa da aikin, saboda abin da wani zai karanta a littafi su sun rayu da shi.

Ba za a ɓoye wa ɗalibi ba cewa aikin yana da nauyi: albashi ba shi da yawa, kayan aiki sukan yi ƙaranci, ci gaban yaro yakan zo a hankali har a shafe watanni ana koyar da abu guda, wata rana ma a sha cizo ko yaƙushi. Yana buƙatar haƙuri, da lura, da riƙon sirrin gidajen mutane, da amana mai ƙarfi, domin yawancin waɗannan yara ba su iya kai ƙarar wanda ya cuce su. Amma ilimin da al'umma ba ta wadatuwa sai da shi, malamai sun ce farilla ce ta kifaya, in waɗansu sun ɗauka ta sauka daga kan saura, in kowa ya ƙi kuwa laifin ya game kowa.

Tambayoyi

1. Kawo cututtuka uku da suke jawo nakasa ga yara a ƙasarmu, da irin nakasar da kowacce take jawowa.
2. Waɗanne abubuwa uku malami yake rubutawa idan yana bin diddigin halin yaro?
3. A misalin da aka bayar, me ya sa korar yaron waje ba ta gyara shi ba?
4. Me dokar 2018 ta wajabta wa makarantun gwamnati?
5. Zaɓi sana'a ɗaya daga cikin waɗanda aka ambata, ka bayyana matakan da za ka bi ka shige ta.

Ya kai ɗalibi, kafin darasi na gaba, ka duba unguwarku ko akwai yaron da aka bari a gida saboda lalura ko saboda an ce ya gagara. In akwai, ka je ka gai da iyayensa cikin mutunci, ka gaya musu abin da ka koya, ka kuma raka su wurin shugaban makaranta ko ofishin ilimi na ƙaramar hukuma su nemi haƙƙin ɗansu, domin ɗa na kowa ne, kuma doka tana tare da su.